Kafin a Ƙirga, Sai an Faɗi Abin da Ake Ƙirgawa

Duk wani bincike na ilimi, na likitanci ne ko na noma ko na tattalin arziki, yana bibiyar wani abu ne da ke bambanta daga mutum zuwa mutum, ko daga gari zuwa gari, ko daga bara zuwa bana. Nauyin yaro, yawan amfanin gona, kuɗin da magidanci ke samu, ƙwazon ɗalibi a aji, irin waɗannan su ne masana ke kira abubuwa masu sauyawa, domin ba su tsaya a kan ƙima guda ba. Wasunsu suna da sauƙin awo: a ɗora yaro a kan sikeli, a karanta lamba, a rubuta. Wasu kuwa, kamar talauci da rashin aikin yi da ƙoshin lafiya da iya karatu, kowa ya san su a baki, amma babu sikelin da aka ƙera dominsu. Aikin farko da ke kan mai bincike shi ne ya ɗauki irin wannan kalma ya mayar da ita matakai da za a iya bi: me za a duba, da wane kayan aiki, a jikin wa, a wane lokaci, kuma daga wace lamba za a ce abin ya tabbata. Wannan shi ne fayyace abu ta hanyar awo, kuma a kansa sauran binciken ke zaune.

Bayanin abu a wajen bincike hawa biyu ne. Hawan farko shi ne na fahimta, wato abin da ake nufi da kalmar. Zazzaɓi, alal misali, shi ne zafin jiki da ya wuce kima. Wannan bayani gaskiya ne, amma ba zai isa ma'aikatan lafiya biyu da ke garuruwa daban-daban su ƙirga masu zazzaɓi ƙirge iri ɗaya ba, domin ɗaya zai taɓa goshin yaro da bayan hannu, ɗayan kuma zai tambayi uwa. Hawa na biyu shi ne na awo: a sa ma'aunin zafi a hammata, idan ya nuna digiri 37.5 ko fiye a ma'aunin Salsiyas, a rubuta cewa akwai zazzaɓi. Binciken zazzaɓin cizon sauro da dama a Afirka da wannan iyaka suke aiki. Shi ma zazzaɓin cizon sauron kansa yana buƙatar nasa bayanin, domin ba kowane zafin jiki ne sauro ya kawo ba. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da cutar ta gwajin jini kafin a ba da magani, ko da madubin ganin ƙwayoyin cuta ko da ɗan gwajin nan na gaggawa da ake ɗiga jini a kai. Binciken da ya ƙirga duk mai zafin jiki da wanda ya ƙirga waɗanda jininsu ya nuna ƙwayar cutar kawai za su fitar da alƙaluma mabambanta a ƙauye guda, a damina guda, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Wanda aka fi danganta wannan tunani da shi shi ne Percy Bridgman, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1946. A littafin da ya wallafa a 1927 ya yi bayanin cewa ma'anar abu a kimiyya tana cikin ayyukan da ake yi wajen auna shi. Da tsawo ya buga misali. Auna tsawon ɗaki da sanda aiki ne guda, auna nisan tauraro kuma wani aiki ne daban, don haka bai kamata a ɗauka kai tsaye cewa abu guda ake aunawa ba sai an nuna hakan. Masana falsafa sun soki wannan ra'ayi inda ya yi tsauri, domin idan aka bi shi har ƙarshe, kowane sabon ma'auni zai haifar da sabon abu ke nan. Amma ɓangarensa mai amfani ya zauna, musamman a wajen masu nazarin halayyar ɗan'adam da zamantakewa, waɗanda suka fi kowa fama da kalmomin da ba a iya taɓawa.

Tarihin mita ya nuna cewa hatta ma'aunin da ake ganin ya kafu, mutane ne suka zauna suka yanke shi. A 1791 masanan Faransa suka ce mita ita ce kashi ɗaya cikin miliyan 10 na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba duniya gida biyu. A 1889 aka koma ga wata sandar ƙarfe da aka adana kusa da birnin Faris. A 1983 kuma aka ɗaure ta da nisan da haske ke ci a wani ɗan taƙaitaccen kaso na daƙiƙa. A kowane mataki buƙatar guda ce: a samu bayanin da wani zai iya maimaitawa a wani wuri ya samu amsa iri ɗaya.

Misalin da ya fi nuna sassan kyakkyawan bayani na awo shi ne gwajin tamowa da ake yi wa ƙananan yara a asibitocin karkara da sansanonin 'yan gudun hijira. Kayan aikin wani siririn tef ne na roba mai launi uku: ja, ruwan ɗorawa da kore. Ana amfani da shi a kan yaro mai wata 6 zuwa wata 59. Ma'aikaciyar lafiya takan sa uwa ta riƙe yaron a cinyarta, ta lanƙwasa hannunsa na hagu, ta nemo ƙashin kafaɗa da ƙashin gwiwar hannu, ta yi alama a daidai tsakiyarsu. Sannan ta saki hannun ya miƙe, ta zagaya tef ɗin a kan alamar, ba tare da ta matse fata ba, ba kuma tare da ta bar shi sako-sako ba. Idan kaurin damtsen bai kai milimita 115 ba, tef ɗin zai nuna ja, wato tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 ruwan ɗorawa ne, wato matsakaiciya. Daga 125 zuwa sama kore ne. Bayan haka takan danna bayan ƙafafun yaron biyu da manyan yatsunta na 'yan daƙiƙoƙi. Idan wurin ya lotsa bai dawo ba a ƙafafun biyu, wannan kumburi ma alamar tamowa mai tsanani ce, ko da tef bai nuna ja ba.

A cikin wannan ɗan aiki da bai wuce minti biyu ba, an ambaci wanda za a auna, da kayan awo, da wurin da za a auna a jiki, da yadda za a riƙe kayan, da lambar da ke raba rukuni da rukuni. Idan aka cire ɗaya daga cikinsu, alƙaluman Maraɗi ba za su kwatantu da na Katsina ba. Ita ma iyakar 115 ɗin ba tun asali take ba. A da milimita 110 ce, sai a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗaga ta. Wannan ƙarin milimita 5 ya shigar da yara masu yawa cikin waɗanda suka cancanci abincin magani, kuma duk wanda zai kwatanta rahoton da aka yi kafin 2009 da na bayanta dole ya san da wannan sauyi, in ba haka ba zai ɗauka tamowa ce ta ƙaru.

Akwai abubuwan da ba tef ba sikeli, sai dai idon gwani. A nan dabarar ita ce a rarraba abin da gwani ke gani zuwa alamomi, a ba kowace alama maki. Haka likitar nan 'yar Amurka Virginia Apgar ta yi a 1952 game da lafiyar jariri sabon haihuwa. Ta ware alamomi 5: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, yadda jariri ke mayar da martani idan an taɓa shi, da launin fata. Kowace alama tana samun maki 0 ko 1 ko 2, a haɗa su su tashi daga 0 zuwa 10, kuma a yau ana dubawa a minti na farko da na biyar bayan haihuwa. Kafin wannan tsari, abin da unguwarzoma za ta ce shi ne jaririn ya zo da ƙarfi ko ya zo a galabaice, maganar da ba ta shiga lissafi. A fannin ra'ayi da halayya kuma, Rensis Likert ya fito da hanyarsa a 1932, inda ake karanta wa mutum magana a ce ya zaɓi matsayinsa daga cikakkiyar amincewa zuwa cikakkiyar ƙin amincewa, galibi a matakai 5.

Sai dai lamba suna ta tara. A 1946 masanin halayyar ɗan'adam S. S. Stevens ya kasa ma'aunai gida huɗu, kuma har yau da wannan rabo ake koyar da ɗalibai. Akwai lambar da laƙabi ce kawai, kamar a ba rukunin jini ko jihar haihuwa lamba don sauƙin shigarwa a kwamfuta. Akwai mai nuna jeri, kamar firamare da sakandare da jami'a, inda aka san na gaba da na baya amma ba a san tazarar da ke tsakaninsu ba. Akwai mai tazara daidai amma sifilinta na yarjejeniya ne, kamar digirin Salsiyas. Akwai kuma mai sifili na haƙiƙa, kamar nauyi da tsawo da kuɗi. Amfanin wannan rabo shi ne ya hana mai bincike yin lissafin da ma'auninsa bai ɗauka ba. Za a iya cewa buhu mai kilo 100 ya ninka mai kilo 50, amma ba za a ce ranar da zafi ya kai digiri 40 ta ninka ranar da ya tsaya a 20 ba, haka kuma matsakaicin lambobin jihohi ba shi da wata ma'ana.

Wurin da aka fi samun gardama shi ne iyaka, wato lambar da daga ita ake cewa mutum ya shiga rukuni. Hawan jini ya isa misali. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90. Yadda ake awon ma yana cikin bayanin: mutum ya zauna ya huta kamar minti 5, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a tallafe daidai da zuciya, abin ɗaurawar kuma ya dace da kaurin damtsensa. A 2017 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka sauko da iyakar zuwa 130 bisa 80. Da wannan sauyi kaɗai, kason manyan Amurkawa da ake lissafawa a masu hawan jini ya tashi daga kusan kashi 32 cikin ɗari zuwa kusan kashi 46. Jinin kowa yana nan yadda yake a daren da aka fitar da sanarwar. Layin ne aka matsar, bisa hujjar cewa haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki yana farawa tun ƙasa da 140. Ko an yarda da hujjar ko ba a yarda ba, rahoton da ya ambaci yawan masu hawan jini bai faɗi iyakar da ya yi aiki da ita ba, bai gama magana ba.

Lokaci ma iyaka ne. Mutuwar mace ana lissafa ta cikin mace-macen haihuwa idan ta faru tana ɗauke da ciki ko cikin kwana 42 bayan ƙarewar cikin, kuma dalilin yana da nasaba da cikin ko kulawar da aka yi mata. Mutuwar hatsarin mota kuma, ma'aunin da ƙasashe da yawa ke bi shi ne wadda ta faru cikin kwana 30 da hatsarin. Ƙasar da ke ƙirga waɗanda suka rasu a bakin titi kawai za ta fito da adadi ƙarami, ba don titunanta sun fi aminci ba.

Babu misalin da ya ja hankalin jama'a a Nijeriya kamar na rashin aikin yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A watan Agustan 2023 hukumar ta fitar da sabon rahoto da ya ce a watanni ukun farko na 2023 kashi 4.1 ne. Mai sauraro zai iya tambaya ko a cikin shekara biyu da 'yan watanni an samar da miliyoyin ayyuka ne. Amsar tana cikin bayanin awo. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin da ya kai awa 20 a mako ba, marar aikin yi ne; daga awa 20 zuwa 39 aikinsa bai cika ba; sai mai awa 40 zuwa sama ne ke da cikakken aiki. A sabon tsari hukumar ta koma ga ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke cewa duk wanda ya yi aiki ko da na awa 1 ne don albashi ko riba a cikin kwana 7 da suka wuce, yana da aiki. Marar aikin yi kuwa sai ya cika sharuɗɗa uku: ba ya aikin komai, yana neman aiki, kuma a shirye yake ya fara idan ya samu. An kuma sauya shekarun waɗanda ake ƙirgawa, daga 15 zuwa 64 a da, zuwa 15 abin da ya yi sama.

Ka'idar awa ɗaya tana da dalilinta. An tsara ta ne don a kama duk wani aikin da ke shiga lissafin abin da ƙasa ke samarwa, kuma don ƙasashe su iya kwatanta alƙalumansu. Amma a ƙasar da gwamnati ba ta biyan marar aiki kuɗin tallafi, mutane ƙalilan ne ke iya zama mako guda cur ba su taɓa komai ba. Matashin da ya gama jami'a yana sayar da katin waya a bakin tasha, ko wanda ke karɓar aron babur ya yi acaɓa da yamma, duka masu aiki ne a wannan ma'auni. Don haka kashi 4.1 amsa ce ta gaskiya ga tambayar mutum nawa ne ba su yi aikin ko awa ɗaya ba alhali suna nema, amma ba ta amsa tambayar da ke zuciyar yawancin mutane ba, wato mutum nawa ne ke da aikin da zai riƙe su. Wannan tambaya ta biyu wasu alƙaluman ne ke kusantar ta, kuma suna cikin rahoton: sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin suna ayyukan da ba su da rajista ko kariya ta hukuma. Kuskuren da ya kamata a guje masa shi ne jera 33.3 da 4.1 a layi ɗaya kamar abu guda suke aunawa. Akwai kuma wani abin lura ga yankunan noma: matsayar da masana ƙididdigar ƙwadago na duniya suka ɗauka a 2013 ta ware manomin da ke noma don cin gidansa kawai a wani rukuni na daban, ba a cikin masu aikin albashi ko riba ba. Inda mafi yawan magidanta ke noman gero da dawa don rumbunsu, suna sayar da ɗan abin da ya saura, yadda aka yi tambayar kaɗai zai iya matsar da dubban mutane daga rukuni zuwa rukuni.

Talauci ma haka yake, ma'auni biyu, amsa biyu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta fitar na 2019 ya ja layi a kan naira 137,430 da mutum ke kashewa a shekara, ya samu kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan ƙasa a ƙasan layin, wato kusan mutum miliyan 83, ban da jihar Borno da ba a sa ta a lissafin ba. A 2022 kuma hukumar ta fitar da wani ma'auni da ke duba rashi ta fuskoki da yawa, kamar lafiya da ilimi da ruwan sha da makamashin girki da tsaro, ya samu kashi 63 cikin ɗari, wato mutum miliyan 133. Na farko yana tambayar abin da ke aljihu, na biyu yana tambayar abin da rayuwa ta rasa, kuma gida zai iya tsallake layin kuɗi alhali babu asibiti ko makaranta kusa da shi. Shi ma Bankin Duniya ya sha sauya layinsa na matsanancin talauci, daga dala 1 a rana a 1990, zuwa 1.25, zuwa 1.90 a 2015, zuwa 2.15 a 2022, domin farashin kaya yana sauyawa.

Bayanin awo da aka rubuta a wata ƙasa ba lallai ya zauna daidai a wata ba, kuma a nan ne sanin wuri ke da muhimmanci. Yawancin binciken jama'a gida-gida ake yin sa, to amma mene ne gida? A ƙauyen Hausa, ƙofa ɗaya za ta iya tara uba da 'ya'yansa maza masu aure, kowa da sashensa, suna noma gandu tare, wani kuma yana da gayaunarsa, wani lokaci tukunya ɗaya, wani lokaci kowace mace da murhunta. Masu ƙididdiga sukan ce gida shi ne mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, suna kuma amincewa da mutum ɗaya a matsayin shugaba. Wani gwaji da Lori Beaman da Andrew Dillon suka yi a Mali, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa sauya kalmomin wannan bayani kaɗai yana sauya yawan mutanen da ake lissafawa a gida, har ya taɓa alƙaluman kadara da na abinci. Tunda ana raba kuɗin gida ne da yawan mutanensa kafin a ce talaka ne ko a'a, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Haka batun amfanin gona. Manomi da dami yake lissafin geronsa, a kasuwa kuma da mudu ko tiya ake awo, kuma damin wani gari ba shi ne na wani ba, mudun ma akwai mai tozo akwai shafaffe. Mai binciken da ya san aikinsa yakan ɗauki sikeli ya shiga kasuwannin yankin, ya auna mudu da dama na kowane irin hatsi, ya sa a sussuka damuna a auna tsabarsu, sannan ya rubuta yadda ya mayar da su kilo. Shekarun mutum ma, da ake ganin ba su da wuya, suna buƙatar dabara inda takardar haihuwa ta yi ƙaranci. Masu ƙidaya sun daɗe da lura cewa mutane sukan faɗi shekarun da suka ƙare da 0 ko 5, don haka ake tsara kalandar abubuwan da yankin ya sani, kamar naɗin sarki ko shekarar fari ko watan azumi, a riƙa kwatanta haihuwa da su.

Iya karatu wani misali ne. Tambayar mutum ko ya iya karatu daban take da miƙa masa kati a ce ya karanta jimla, kamar yadda ake yi a babban binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, inda ake rubuta ko ya karanta duka, ko wani ɓangare, ko ya kasa. Gwajin kati ya fi tambayar baki ƙarfi. Amma a ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutu da ajami, dole bayanin ya faɗi da wane rubutu aka yi gwajin. Idan boko kaɗai aka gwada, malamin da ke rubuta wasiƙa da ajami zai faɗa cikin waɗanda ba su iya karatu ba, kuma abin da aka auna a haƙiƙa shi ne iya karatun boko, ya kamata kuma a kira shi da wannan suna.

Ana gwada kowane ma'auni da tambayoyi biyu. Ta farko ita ce ko yana da tsayuwa: idan aka maimaita awon, ko mutum biyu suka auna abu guda, amsar za ta zo ɗaya? Shi ya sa kafin a fita aikin awon yara ake tara masu awon, kowa ya auna yara iri ɗaya sau biyu, a kwatanta da awon gwani, wanda hannunsa ya cika kaucewa a sake horar da shi. Ta biyu ita ce ko yana auna abin da aka ce yana aunawa. Sikelin da kullum yake ƙara kilo 2 yana da tsayuwa, amma ba ya faɗin nauyi na gaskiya. Tambaya ta biyun ta fi wuya, domin ba ta warwaruwa da maimaita awo. Sai an duba ko sakamakon ya yi daidai da wasu alamomin da aka amince da su, ko kuma yana hango abin da zai faru. Awon damtse ya samu karɓuwa ne saboda an ga yaran da tef ya nuna musu ja sun fi sauran shiga haɗarin mutuwa.

Akwai haɗari biyu da ke bin wannan aiki. Na farko shi ne a manta cewa ma'auni wakili ne, a mayar da shi shi ne abin da kansa. A 1923 masanin halayyar ɗan'adam Edwin Boring ya bayyana basira da cewa ita ce abin da gwajin basira ke gwadawa, kuma har yau ana kawo wannan magana a matsayin misalin inda bayanin awo ke zagayawa ya koma kansa. Gwajin da aka rubuta da harshen da yaro bai ƙware a kai ba, da misalan rayuwar da bai taɓa gani ba, yana auna sabonsa da harshen ne tare da basirar, ba tare da an iya raba su ba. Na biyu shi ne abin da masanin tattalin arzikin Birtaniya Charles Goodhart ya lura da shi a 1975: da zarar an mayar da ma'auni abin da ake saka wa mutane ko hukunta su a kai, sai ya fara lalacewa. Idan da kason waɗanda suka ci jarrabawa kaɗai ake auna makaranta, an buɗe ƙofar hana raunanan ɗalibai zama jarrabawar. Maganin da masana suka fi bi shi ne auna abu mai faɗi da alamomi fiye da ɗaya, ta hanyoyi daban-daban, a ga ko sun nufi wuri guda.

Abu na ƙarshe shi ne lokacin da ake rubuta bayanin. Ya wajaba a rubuta shi kafin a fara tattara bayanai. Mai binciken da ya jira sai ya ga sakamako sannan ya zaɓi iyaka, ko ya zaɓi wanne daga cikin abubuwa goma da ya auna zai ce shi ne maƙasudi, zai iya samun kusan duk amsar da ransa ke so, ko da bai yi niyyar yaudara ba. Saboda haka ne editocin manyan mujallun likitanci na duniya suka sharɗanta, daga 2005, cewa sai an yi wa gwajin magani rajista a bainar jama'a kafin a fara ɗaukar marasa lafiya, a kuma rubuta babban abin da za a auna da lokacin da za a auna shi. Ga ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri, wurin wannan aiki shi ne babin hanyoyin bincike, inda ake sa ran kowane abu mai sauyawa ya zo da bayaninsa, da kayan awonsa, da irin lambar da zai bayar, da iyakarsa idan yana da ita. Idan kuma hukuma ta ga dalilin sauya bayani, kamar yadda ya faru da hawan jini da tamowa da rashin aikin yi, hanyar da ta fi dacewa ita ce ta fitar da alƙaluman tsohon ma'auni da na sabo tare na ɗan lokaci, domin masu amfani da su su iya gane nawa ne daga cikin bambancin ya fito daga sauyin rayuwar mutane, nawa kuma daga sauyin awo.